Keken Fatsa a Rumfar Lado

Ni tela ne, kuma duk telan da ya yi zamani a Jibiya ya san Lado mai gyara, ko yana so ko ba ya so. Rumfarsa na jikin tawa, a bakin hanyar da ta miƙe zuwa kan iyaka, zana ɗaya ce ta raba mu. In kekena na ɗinki ya fara tsallaken zare ba sai na kira shi ba. Daga inda yake zaune zai ji, ya ɗaga murya ya ce, "Kalilu, za ka kashe keken ga da ƙishirwa. Ba shi mai." Haushi nake ji, don a gaban masu kawo ɗinki yake faɗa, sai dai in na ɗiga man nan take keken ke daidaita.

Lado ɗan masaƙi ne daga Riko. Ubansa ya so ya gaje shi, shi kuwa ya fi son ya kwance kayan saƙar ya ga yadda aka haɗa su. Da duka ya ishe shi sai ya gudu Maraɗi yana saurayi, ya zauna wajen wani mai gyaran sikelin gyaɗa, ya dawo da sana'a a hannu da ɗan Faransancin da bai wuce na zagi ba. Tun daga nan ya kafa rumfa. Agogo, fitila mai famfo, kwaɗo, tocila, sikeli, keken ɗinki, duk abin da ke da noti a jiki nasa ne. A gabansa kullum akwai gwangwanaye biyu na noti da ƙusoshi, ɗaya na kayan Faransa, ɗaya na kayan Ingila, don a garinmu kaya ta gefe biyu suke shigowa, kuma notin wancan gefe ba ya hawa ƙusar wannan. Da yatsa kawai yake bambance su.

Halinsa ɗaya da kowa ya sani: ba ya ƙaunar abu sako-sako. Abin da ke girgiɗi, ko zamewa, ko ƙara inda bai kamata ba, a wurin Lado mara lafiya ne. Ya taɓa zuwa gaisuwar mutuwa aka ba shi benci mai rawa, mutane na addu'a shi yana laluben ƙarƙashinsa. Mun daɗe muna yi masa tsiya a kan wannan, bai taɓa jin kunya ba.

Sai kuɗin man fetur suka zo. Wanda bai ga shekarun nan ba ba zai gane ba. Ma'aikata suka karɓi ƙarin albashin nan na Udoji, gari ya cika da babura da rediyo mai kaset, manyan motoci na layi a kan iyaka da hatsi da siminti da durom-durom na fetur. Yaron da jiya yake tallar rake yau ya ɗaura agogo, in ya tsaya kuma ba ya kai wa Lado, jefarwa yake ya sayi wani. Aiki ya ragu a rumfar, idonsa kuma ya fara yin yana. Yakan kai abu har kan hancinsa kafin ya gani, in ka kalle shi sai ya yi kamar ƙura yake hurewa.

Babban ɗansa Maharazu na cikin waɗanda zamanin ya yi wa daɗi. Ya fara da yaron mota, ya zama mai motoci, ya je Makka, ya gina gidan siminti a bayan tasha. Yaron kirki ne, ba zan ci zalinsa ba. Abin da ke cinsa shi ne maganar mutane, wai ga Alhaji da motoci ga ubansa a rumfar zana yana fama da matattun fitilu. Ya gina wa Lado ɗaki mai fanka, ya yi roƙo, ya turo dattawa. Wata rana da hantsi ya zo da kansa ya durƙusa a bakin rumfar, ina ji daga bayan zana.

"Baba, don Allah ka huta hakanan. Idon ga ba shi da sauran wahala."

"Wa ya ce maka idona na ciwo?"

"Ba kowa, Baba."

Lado ya buga zanar ya ce in leƙo in zama shaida. Ya ce, "Ran da na miƙa ma mutum kayanshi na ce na gyara, ya taras ba daidai ba, ran nan in tashi rumhwar ga in bi ka. Kahin nan kar a sake yi mani maganar." Maharazu ya ce ya ji. Ni na san abin da tsohon ya ɗora a kan wannan magana, don rumfar nan ita ce ransa. Tun da matarsa ta rasu ba shi da wurin zama sai ita.

Ana nan sai ga Istifanus da wani abu a ƙunshe cikin tsohuwar riga. Istifanus ma'aikacin lafiya ne, shi ke duba katin allura a kan iyaka, shi ya sa muke ce masa Likita ko da yake ya sha gaya mana shi ba likita ba ne. Mutumin Numan ne, a bakin babban kogi aka haife shi, gwamnati ta ɗauko shi ta ajiye mana a garin da gulbinsa rabin shekara yashi ne. Mutum ne mai fara'a, amma in ya fara zancen kifin garinsu sai ka tausaya masa. Yakan zauna a bencina ya kwatanta girman kifin da hannu har ya kusa ture mini dutsen guga.

Ya kwance rigar. Wani baƙin ƙarfe ne kamar dunƙulen hannu, da mariƙi a gefe, da kwarkwaro a gaba mai zaren roba a naɗe, da wata lanƙwasasshiyar waya da ta yi masa baka. Ya ce a Maraɗi ya saya wajen kukun wani Bafaranshe da ya koma ƙasarsu. Ana ɗaura shi a jikin sandar fatsa, ka jefa ƙugiya can nesa, in kifi ya kama ka juya mariƙin ya naɗo maka zaren. Shi kansa bai taɓa kamun kifi da irinsa ba, a garinsu da hannu ake riƙe zare. Da Bature kawai ya taɓa ganinsa daga nesa yana yaro, tun ran nan yake so. Ga shi ya samu, amma mariƙin ya cije.

Lado ya juya shi, ya kai kunne, ya shinshina. Ya ce, "Ashe keke ne. Keken hwatsa." Sunan da ya bi shi ke nan. Na ga fuskarsa ta washe yadda na daɗe ban gani ba, don an jima ba a kawo masa abin da bai taɓa buɗewa ba.

Ciwon bai yi wuyar ganowa ba. A ciki akwai wata 'yar giya ta tagulla, haƙoranta sun cinye a gefe ɗaya. Lado ya ƙulle ta a ƙyalle ya ba Abdu direba, mai zuwa Maraɗi ranar kasuwa, ya ce ya kai wa wani mai sayar da tarkacen Turawa ya nemo irinta. Abdu ya dawo da ita tana sheƙi, an ciro ta daga wani mataccen keken irin wannan. Muka ce magana ta ƙare.

Ashe farawa ta yi. Giyar ta hau sandarta lafiya lau, amma ta ƙi haɗa baki da babbar giyar da ke juya ta. In ya rufe murfin sai ya ƙi zama, in ya danna ya zauna sai mariƙin ya ƙi motsi. Ya ciro ya ƙirga haƙoran da farce, daidai suke da na tsohuwar. Ya auna faɗi da zare, daidai. Ya auna tsawo, daidai. Ya wanke da kananzir ya mayar, tana nan yadda take. Kwana da kwanaki yana wannan. Ya daina yi mini tsiyar keke, goron ma sai ya bushe a aljihunsa. Na gane abin da ke ransa ko da bai faɗa ba: yana zaton giyar lafiyarta ƙalau, idonsa ne ya ƙare.

Wata safiya ya ce in ba shi guntun farin ƙyalle. Na yanko masa. Ya lakato baƙin fitila ya shafa wa giyoyin biyu, tsohuwa da sabuwa, ya shimfiɗa ƙyallen a kan katako ya mirgina kowace a kai. Ya daɗe yana kallon sawun. Daga baya ya turo mini ƙyallen ta ƙarƙashin zana, ba tare da ya dube ni ba.

"Kalilu, duba mani. Wane gehe suka kwanta?"

Tunda muke bai taɓa aron idona ba sai ran nan, kuma na ji abin har cikin raina. Na duba. Sawun haƙoran ba a miƙe suke ba, a karkace suke, na tsohuwar sun kwanta dama, na sabuwar sun kwanta hagu. Na gaya masa. Ya yi wata irin ajiyar zuciya, sannan ya fashe da dariya har da tari.

"Ta bahago ce! Ja'iran Turawan ga har bahago sun ƙera ma nashi. Wagga daga keken da aka juyawa da ɗaya hannun aka ciro ta. Ba ni ba ne, Kalilu."

Abdu ya sake komawa, wannan karon da ƙyallen a hannu, aka ce ya mirgina duk giyar da za a ba shi ya gwada sawu kafin ya karɓa. Ya dawo yana mita, wai mai tarkacen ya ɗauka asiri ake haɗawa. Amma ya kawo mai kwanciyar dama.

Ita kuma sai raminta ya yi kaɗan, ta hau bakin sandar ta tsaya. Istifanus, da yake kullum bayan aiki yana nan tsugune, ya ce ko a ɗan goge sandar da magagari. Lado ya harare shi.

"Likita, in na ɓata giyar ga Abdu ya kawo wata. In na ɓata sandar, kai za ka tahi Faransa ka samo mani?"

Ya naɗa ƙyalle a jikin ƙusa, ya kwaɓa toka da mai ya shafa, ya zura a ramin giyar yana murzawa tsakanin tafukansa. Ya murza kaɗan, ya wanke, ya gwada, ya sake. Yini guda cur ya yi a kan abin da bai kai kaurin gashi ba. Da ta shiga sai ta zo da sabon iyayi, tana ɗan wasa gaba da baya, mariƙin na yin ƙwas a kowane zagaye. Ya yanko wata 'yar da'ira daga gwangwanin madara, ya daddaƙa ta ta yi siriri, ya sa a bayanta. Ƙarar ta ɗauke. Saura notin da ke riƙe ta, wanda ya zo a cinye tun asali. Ya zura yatsa a gwangwanin Faransa ya ɗauko ɗaya, ya hau kaɗan ya cije. Ya tsaya, ya warware shi a hankali, ya murza shi a yatsa. Na Ingila ne, ya ɓata hanya ya faɗa gwangwanin da ba nasa ba, kuma ba mai taɓa gwangwanayen nan sai shi. Ya jefa shi inda ya dace ya lalubo wani. Ni ma na yi kamar ban gani ba.

Da ya rufe murfin ya juya mariƙin, wallahi sai ka so ka yi ta juyawa. Ba ƙara, ba cijewa, wayar nan na zagayawa tana jera zare a kan kwarkwaro layi-layi. Istifanus ya miƙo hannu zai karɓa. Lado ya ce a'a, sai ya gwada ƙarfinsa. Ya ɗaure bakin zaren a ƙafar kekena ya ja da baya. Da zaren ya ɗaure sai kwarkwaron ya fara juyawa baya, yana sakin zare yana wani kuka, kirrr. Lado ya matse wani ɗan dunƙule da ke gaban kwarkwaron, ya sake ja da ƙarfi. Kwarkwaron ya sake saki.

Ran Lado ya ɓaci. Ya kwance dunƙulen, ya zazzago abin da ke ƙarƙashinsa a tafin hannu: wasu 'yan faifan ƙarfe, a tsakaninsu kuma faifan wani ƙyalle mai kauri irin na jar dara, sun sha maiƙo sun yi baƙi.

"Ka gani ko? Tsumma! Kukun ga ne ya yi gyaran ganin ido, ya cusa tsumma cikin ƙarhe. Ina abu zai riƙe kihi yana zamewa haka?"

Duk muka yarda, har Istifanus, wanda ya ƙara da zagin kukun. Lado ya cire tsumman ya jefa a wani gwangwani, ya yanko faifan tagulla daga tsohuwar fitila ya cike gurbin, ya huda ya sa 'yar ƙusa ta kulle kwarkwaron da sandarsa. Ya sake ja. Wannan karon kekena ne ya taso, ya biyo shi har bakin zana ina ihu. Ya goge hannu, ya naɗe keken fatsar a rigar, ya miƙa wa Istifanus da hannu biyu ya ce, "Na gyara."

Amma ya ce sai ya gan shi a bakin aiki. Aka sa ranar Lahadi, in Istifanus ya fito daga coci, a tafi tafkin Madarunfa, can cikin Nijar. Maharazu ya ji labari ya ce shi zai kai mu a sabuwar motarsa. Ina jin yana so ne ya wanke kansa wajen tsohon, don tun ranar alkawarin nan gaisuwa kawai ke haɗa su. A kan iyaka ba a tsayar da mu ba. Jandarman da ke bakin sanda ya leƙo ya ga Lado, wanda ke gyara musu kwaɗo da fitilu, ya sara masa ya ɗaga sandar.

Kaka ce, tafkin ya cika ya batse har gindin itatuwa. Lado ya tsaya yana kallon ruwan baki buɗe, ya ce duk zamansa a Maraɗi bai taɓa zuwa ba. Istifanus ya naɗe ƙafar wando, ya sa tana a ƙugiya, ya wurga. Jifan farko ya faɗa a ƙafarsa muka yi masa dariya, na gaba ya tafi can nesa. Ba a jima ba ya naɗo 'yar karfasa tana ɓalli-ɓalli. Babban mutum da shi, ya riƙa tsalle yana kiran sunan uwarsa. Ya kama wata, ya kama wata. Lado na zaune a kan saiwar itace yana tauna goro, yana satar kallon ɗansa ya ga ko yana gani.

Can sai sandar ta lanƙwashe har ta kusa taɓa ruwa. Muka ga bayan wata ƙatuwar tarwaɗa ya ɓullo ya nutse. Istifanus ya dage, ya turje ƙafa a laka, kifin ya yi cikin tafki da gudu, zaren ya miƙe yana rawa, sai ji muka yi tas. Sandar ta dawo ta kusa dukan fuskarsa. Ya yi tsaki, ya ɗaura sabuwar ƙugiya ya koma. Aka daɗe, har inuwa ta juya, wani babban ya sake ɗauka. Shi ma bai ɓata lokaci ba ya tsinka ya tafi.

Istifanus ya zauna a ƙasa yana haki. Ba da kowa yake ba, da kansa yake magana. Ya ce, "Da a gida ne da hannu, da wannan bai tafi ba. Babban kifi ba a tsayar da shi. In ya ja sai ka sakar masa, zaren na bi ta cikin yatsunka kana ɗan matsewa, ya gudu ya gaji, ka jawo, ya sake ja ka sake saki. In ka riƙe gam, ko igiyar rijiya ce sai ya tsinka."

Lado ya daina tauna.

"Likita, maimaita mani."

Ya maimaita.

"To da hannu yatsunka ke sakar mashi. Da keken ga hwa, mi ke sakar mashi?"

Na ga Istifanus ya dubi keken, ya dubi Lado, ya sunkuyar da kai. Ni ma sai lokacin na tuna kukan nan na kirrr, da tsumman da muka taru muka zaga. Wanda ya ƙera abin ya sa su ne da gangan, don kwarkwaron ya zame in jan ya yi yawa. Mu mutanen tudu muka ga zamewa muka ce ciwo ne.

Maharazu ne ya fara magana, kuma abin da ya faɗa ya sa na ƙara ganin girmansa. Ya ɗauki guntun zaren yana ja da hannu ya ce, "Baba, zaren ga ne ruɓaɓɓe. Ya daɗe a ajiye, rana ta cinye shi. Ba aikinka ba ne." Wannan fa shi ne mutumin da ya shekara yana neman hanyar da zai tashi rumfar. Istifanus ya kama, ya ce ƙwarai zaren ne, kuma shi da kansa ya yarda a cire tsumman, in laifi ne nasa ne.

Lado ya karɓi guntun zaren, ya naɗa a hannu biyu ya ja har ya shata masa fata. Bai tsinke ba. Ya ajiye.

"Ku bari. Zare lahiyarshi lau. An kawo mani abu ban tambayi yadda yake aikinshi ba, na ga yana abin da ban so na hana shi. Da ido ne ma da sauƙi."

A hanyar dawowa Lado ne ya riƙe keken fatsar, da shi ya wuce gida. Istifanus ya rungume 'yan karfasarsa a leda kamar an ba shi ajiyar abin da ya sata.

Washegari Lado ya riga ni fitowa. Ya zare ƙusar, ya cire tagullar, ya lalubo tsumman nan daga gwangwani, don ba ya zubar da komai. Ya wanke su, ya shafa musu mai kaɗan, ya jera su yadda ya same su, ƙarfe, ƙyalle, ƙarfe. Ya ɗaure zaren a ƙafar kekena ya ja, kwarkwaron ya yi kukansa. Ya daɗe yana ja yana saurare, yana matse dunƙulen yana sassautawa, yana jin yadda nauyin ke canzawa a hannunsa. Ya ce, "Kai, wanda ya yi wanga ya san aiki." Aikin duka bai kai shan shayi ba.

Na ce masa to ai shi ke nan, an gyara, kowa ya koma harkarsa. Na yi masa faɗa sosai, na ce taurin kai ne, ba wanda ya riƙe shi da wannan alkawari, ɗan nasa ma ya yafe. Istifanus ya zo har da hawaye, ya ce in Baba Lado ya tashi saboda shi ba zai ƙara taɓa keken ba. Lado ya ce masa kar ya yi wauta, ya tafi ya kamo tarwaɗar nan ya kawo masa kanta. Sannan ya dube ni ya ce, "Kai ne shaida, Kalilu. Na ce na gyara ko ban ce ba?" Na ce ya ce. Ya fara tattara kayansa a buhu. Kafin azahar motar Maharazu ta zo, yaron ya fito yana share ido, ya ɗauki buhun da kansa. Wani mai sayar da kaset ne ya karɓi rumfar, ya ishe ni da kiɗa har na bar wajen.

Istifanus ya kamo tarwaɗa kafin a yi masa canjin wurin aiki, babba kuwa, ya kai kan har gida. An ce Lado ya sa ya ba shi labarin yadda keken ya yi kuka tun daga farko har ƙarshe, ya kuma sa ya sake.

Na yi nauyin ƙafa wajen zuwa ganinsa, don ina tsoron abin da zan tarar. Da na je, Ma'u matar Maharazu ce ta yi mini iso. Gida ne na zamani, komai sabo, komai na aiki. Na same shi a bakin ɗakinsa a kan tabarma, ya rame, idon ya ƙara fari, amma ga injin markaɗe na hannu a gabansa a kwance, ga gwangwanayensa a gefe. Ma'u ta kawo ruwa ta durƙusa ta ce, "Baba, in ka gama da wannan, fitilar kicin ma ta fara rawa." Ya ce ta kawo. Da ta raka ni ɗaukar buta sai ta rage murya ta ce kar in faɗa masa, ita ke bi tana kwance noti a kayan gidan. Ta ce satin farko da ya zo ko abinci ba ya ci, yana zaune yana murza yatsu, shi ne ta rasa yadda za ta yi.

Na koma na zauna kusa da shi. Yana ta laluben injin, ya kamo notin ya ɗaure. Ya saurara ya ji takunta ya yi nisa, sannan ya matso kusa da kunnena.

"Yarinyar ga ba ta iya ɓarna ba. Kullum noti guda take kwancewa, shi ma rabi. Ina jan aikin ne in kai la'asar, kar ta gane na sani." Ya mayar da murfin injin yana shafa shi. "In ka tashi tahiya, Kalilu, ka ɗan nuna mata inda ake taɓawa a keken ɗinkinta. Wurin da zai ɗan wahalshe ni."